Yadda ake gyara ramin sukuru da ya lalace a ƙotar bindiga

Maharba da dama sun san wannan matsala: sukurun da ke riƙe maɗaurin igiyar rataya, ko farantin da ke gindin ƙotar bindiga, ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Abin da ake rainawa ke nan, amma idan maɗaurin ya fizge yayin da bindiga ke rataye a kafaɗa, faɗuwarta na iya tsaga ƙotar, ko ta sa ta tashi da kanta in akwai harsashi a ciki.

Sukuru na samun ƙarfinsa ne daga zaren da ya yanka wa kansa a jikin katako. Katako kuwa yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma wannan kai-komo na sassauta ramin sannu a hankali. Ɗaurewa fiye da ƙima na murƙushe zaren, haka ma man bindiga da ke tsiyaya cikin katakon yana sa shi laushi.

Kafin komai, wajibi ne a tabbatar babu harsashi ko albarushi a cikin bindigar. Daga nan sai a kwance sukurun, a share garin katakon da ke ramin. Idan wurin ya sha mai, a wanke shi da asiton a bar shi ya bushe sarai, domin gam ba ya kama katako mai maiƙo.

Idan ramin bai buɗe sosai ba, tsinken sakace biyu ko uku sun wadatar. A shafa musu gam ɗin kafintoci, a cusa su har ƙasa, a yanke abin da ya yi saura, sannan a jira awa 24.

Ramin da ya wage, ko wanda ke ɗaukar nauyi kamar na igiyar rataya, gyaransa ya fi haka. Ana faɗaɗa shi da na'urar huda katako har a cim ma lafiyayyen itace, ana naɗa salatif a jikin bakin na'urar don kada a zarce zurfin da ake so. Sai a fere ɗan turke daga busasshen itace mai tauri, irin su ƙirya ko maɗaci, daidai faɗin ramin. Ya fi kyau a yanko shi a gicciye, domin sukurun da ya ratsa jijiyoyin itace ya fi wanda ya bi tsawonsu riƙo. A tsaga ɗan siririn layi a gefen turken don iska da rarar gam su sami mafita, a shafa gam mai haɗi biyu irin su Araldite, a buga shi a hankali. Bayan ya bushe sai a goge da samfefa.

Matakin ƙarshe shi ne huda sabon rami siriri, daidai kaurin cikin sukurun ban da zarensa. A goga wa zaren kakin kyandir, a ɗaure da hannu, a tsaya da zarar ya zauna. Cusa sukuru mafi kauri ko buga ƙusa, kamar yadda wasu ke yi don gaggawa, kan tsaga ƙotar ne kawai.

Wannan gyara na sukurun da ke kama katako ne. Manyan sukurori da ke ratsa ƙota su shiga ƙarfen bindigar aikinsu daban ne, don su ne ke haɗe ƙarfe da katako lokacin da bindiga ta yi tokari. Idan wurinsu ya lalace, ko aka ga tsaga a wuyan ƙotar inda hannu ke kamawa, kada a sake harbi da ita sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ta.