Farar Hula da Amanar Ciki: Shekara Guda tare da Ƙungiyar Masu Girki ta Duniya

 

A gidajenmu da dama, idan yaro ya gama makaranta ya ce wa mahaifinsa yana son ya koyi aikin kuku, sai fuskar uban ta canja. Wani ya ce girki aikin mata ne, wani ya ce boyi-boyi ne a gidan Nasara, wani kuma ya ji tsoron giya da naman alade da ake ta'ammali da su a manyan otel. Amma tun da Yamai ta karɓi taron ƙoli na Tarayyar Afirka a watan Yuli na 2019, aka buɗe sababbin otel, matasa maza da mata suka ƙara karkata ga wannan sana'a. Kafin uba ya hana ko ya yarda, ya kyautu ya san yadda masu sana'ar suka tsara kansu. Saboda haka muka bi sawun babbar ƙungiyarsu ta duniya, wadda ake kira Worldchefs, mu ga abin da ta yi a shekarar 2024.

Asalin ƙungiyar

An kafa ta a watan Oktoba na 1928 a jami'ar Sorbonne da ke birnin Paris, inda wakilai 65 daga ƙasashe 17 suka hallara. Suka naɗa Auguste Escoffier shugaban girmamawa na farko. Wannan Bafaranshe, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1935, shi ya raba aikin babbar madafa kashi-kashi kamar rundunar soja: babban kuku a sama, mataimakinsa, sannan mai miya, mai kifi, mai gashi, mai kayan zaƙi, har zuwa ƙaramin almajiri mai ɓare albasa. Yau ƙungiyoyin ƙasashe fiye da ɗari ne ke ƙarƙashin inuwarta, ofishinta kuma yana Paris.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mahautanmu suna da Sarkin Fawa, suna da ƙa'idar yanka, yaro kuma yakan daɗe yana wanke hanji kafin a miƙa masa wuƙa. Abin da waɗancan suka ƙara shi ne rubuta ƙa'idojin, da jarrabawa, da takardar shaida wadda ake karɓa a ƙasashe da yawa, daga matakin almajiri har na babban gwani.

Fabrairu: watan awo

Shekarar ta buɗe da babbar gasar girki da ƙungiyar masu dafa abinci ta Jamus ke shiryawa duk bayan shekara huɗu, da amincewar Worldchefs. An fara ta a Frankfurt a 1900, ta 2024 kuma an yi ta a Stuttgart daga 2 zuwa 7 ga Fabrairu. Kowace tawagar ƙasa sai ta dafa abinci kala uku na mutum 110 cikin lokacin da aka ƙayyade, a madafa mai bangon gilashi, jama'a na kallo. Ƙasar Finlan ce ta zo ta ɗaya, Suwizalan ta biyu, Aisilan ta uku.

Abin lura shi ne yadda alƙalai ke ba da maki. Cikin maki 100, ɗanɗano yana da rabi. Mafi yawan sauran rabin yana ga abubuwan da mai ci ba ya gani: yadda aka jera kayan aiki kafin a kunna wuta, tsabtar hannu da katakon yanka, sanyin da aka ajiye nama a cikinsa, da yawan abin da aka zubar a kwandon shara. Alƙali yakan leƙa kwandon da kansa. Wanda ya sami 90 zuwa sama shi ke da zinariya, 80 azurfa, 70 tagulla. Ke nan mutum yana iya yin miya mai daɗi ya faɗi, saboda ya yanka ganye da wuƙar da ya yanka ɗanyar kaza. Su kansu alƙalan sai sun halarci horo sun sami lasisi kafin a ba su alƙalami.

Maris da Afrilu: azumi da kwandon shara

Ramadan na 2024 ya kama wajen 11 ga Maris. Ga kuku Musulmi wannan ne wata mafi nauyi: yana tsaye gaban wuta da azumi a bakinsa, yana shirya buɗa-bakin ɗaruruwan mutane. Malamai da yawa sun yi masa rangwamen ɗanɗana gishiri a kan harshe ya tofar, muddin bai haɗiye ba.

Cikin wannan watan ne, ranar 27 ga Maris, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya girgiza masu sana'ar: a shekarar 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya a duniya. Kashi 28 cikin ɗari daga gidajen sayar da abinci ne, kashi 60 kuwa daga gidajen jama'a. Worldchefs tana da darasi na kyauta da take bai wa masu girki kan rage asara: a auna kafin a dafa, a fara amfani da abin da ya riga shiga sito, ƙashi da ɓawon kayan lambu a yi romo da su.

Mu da Suratul A'araf ta hore mu kan almubazzaranci wajen ci da sha, ai mu ya kamata mu riga kowa. Uwargida ta tuna kwanukan da ke kwana a tsakar gida bayan buɗa-baki, kunu da ƙosai da shinkafa da dambu, alhali maƙwabci ya yi sahur da ruwa.

Yuni: naman layya

Ranar 7 ga Yuni ce ranar kiyaye lafiyar abinci ta duniya, wadda aka fara a 2019, kuma a 2024 ta zo ƴan kwanaki kafin babbar Salla. A irin wannan rana masu girki kan maimaita ƙa'idoji biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya: a tsabtace hannu da kaya, a raba ɗanye da dafaffe, a dafa abinci ya nuna sarai, a ajiye shi cikin zafi ko sanyin da ya dace, a yi amfani da ruwa mai kyau. Hukumar ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 kowace shekara, yana kashe 420,000, kuma 137,000 daga cikinsu ƴan Afirka ne. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar su suka fi jin jiki.

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa ba a son dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki. A ƙasarmu, inda zafi kan kai digiri 40 kuma wutar lantarki ke ɗaukewa, firji kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Kakanninmu sun fahimci wannan tun kafin a rubuta shi: ragon da ake banƙarewa a jikin itace ya yini gaban wuta, naman da ake soyawa har ruwansa ya ƙone a tulu cikin kitsensa, da kilishin da ake shanyawa a rana. Abin da ya rage mana shi ne kula da kayan ciki, waɗanda suka fi saurin lalacewa, da wuƙar da ke yawo daga hanji zuwa dafaffen nama.

Oktoba: ranar kuku da babban taro

Kowace 20 ga Oktoba ita ce ranar masu girki ta duniya. Marigayi Bill Gallagher na Afirka ta Kudu, tsohon shugaban ƙungiyar, shi ya assasa ta a 2004. A ranar, kuku-kuku kan sa fararen rigunansu da dogayen hulunansu su shiga makarantun firamare, su koya wa yara wanke hannu da sanin kayan lambu da haɗa abinci mai gina jiki. Ƙungiyar tana kuma da reshen agaji mai tara gudummawa da dafa wa waɗanda bala'i ya afka wa.

A 2024 ranar ta dace da buɗe babban taron ƙungiyar a Singafo, taron da ake yi duk bayan shekara biyu. A can aka yi zagayen ƙarshe na gasanninta, har da na matasa, aka kuma yi zaɓe. Thomas Gugler, Bajamushe da ya daɗe yana aiki a Saudiyya, ya sauka bayan shekara takwas, aka zaɓi Andy Cuthbert, wanda ya yi shekaru masu yawa a Dubai.

To, halal da haram fa?

Tsoron iyaye a nan yana da tushe. Girkin Faransa, wanda shi ne ginshiƙin koyarwa a yawancin makarantun otel, yana shigar da giya cikin miya, yana amfani da naman alade da kitsensa, wani kayan zaƙin ma da sinadarin da aka samo daga fatar alade ake daskarar da shi. Ƙungiyar duniya ba ta addini ba ce, ba ta hana wannan ba.

Sai dai ƙofar halal a buɗe take. A Maleshiya hukuma ce ke duba madafar otel ta ba ta shaidar halal. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, gasar shekara-shekara ta masu girki ta hana alade da giya. Masu ciyar da alhazai, da asibitoci, da jiragen sama na ƙasashen Musulmi, duk ƙwararru suke nema. Saboda haka uba ya tambaya tun kafin a biya kuɗin makaranta: shin za a tilasta wa yaro ɗanɗana abin da ya haramta? A wurin aiki akwai damar salla? Ana raba tukwane da wuƙaƙe? Idan al'amari ya shige duhu, a tuntuɓi malami.

Yaron ma a gaya masa gaskiya. Sana'a ce ta tsayuwar awa goma ko fiye, da ƙuna da yanka a hannu, da aiki ranar Salla lokacin da kowa ke gida. Doguwar hula ba ta zuwa sai bayan shekaru na ɓare albasa.

Duk wanda ya miƙa wa mutum kwano, an ba shi amanar cikinsa, ko babban kuku ne, ko mai shayi a bakin tasha, ko uwargida a madafarta. Muna kira ga masu girkin garuruwanmu, na otel da na biki da na makarantu, su haɗa kai su riƙa koya wa juna tsabta da awo, su kuma jawo na ƙasa da su. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da wannan magana, a zauna da shi a bincika tare.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sa albarka a sana'o'in ƴaƴanmu. Amin.