Lahadi da Salla a birnin Yamai

Ƴan'uwa masu zuwa cin rani Yamai, ranar Lahadi ma'aikata suna hutu. To, ina mutanen birni ke zuwa? Da yawa gidan kallo na ƙasa suke tafiya, wanda ake ce ma Muze, kusa da kogin Isa. An buɗe shi a 1959.

Akwai zaki da kura da dorina. Akwai maƙera da dukawa suna aiki gaban jama'a. Amma abin da ya fi tsaida mutum shi ne busasshen icen Tenere. Shi kaɗai yake tsaye tsakiyar hamada, har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973. Aka ɗauko shi tun daga can, aka yi mishi rumfa.

Ranar Layya kuwa, bakin hanya ake gasa raguna, an shanya su bisa itace kewaye da wuta. Washegari a raba nama, yara su yi ado su cika Muze. Cunkoso kan yi yawa, har yaro ya ɓace. In za ka kai naka, rubuta sunanka da unguwarku a takarda, ka sa mishi cikin aljihu.