Rediyon Uwargida: Yadda Ake Kamo Tashoshin Nesa

 

Wata baiwar Allah ce daga Bakura ta aiko mana da kuka. Ta ce adashinta ta kwasa ta ba ƙaninta ya sayo mata rediyo a kasuwar Talata Mafara, don ta riƙa jin labarin duniya. An kawo akwati mai sheƙi, amma in ta murɗa shi zuwa gajeren zango sai dai shaa kamar ana ruwa. Da aka mayar, mai shago ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. To uwargida, yau a kan wannan za mu tsaya.

Kin san zango uku ne a jikin yawancin akwatuna. Inda aka rubuta FM na tashoshin kusa ne. MW, wato matsakaicin zango, ya fi nisa, musamman da dare. SW kuwa shi ne gajeren zango, wanda ya kawo wa iyayenmu Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Jamus tun 1963, da Muryar Amurka daga 1979, sai na Faransa a 2007.

Ta yaya murya ke tasowa daga wata ƙasa ta same ki a tsakar gida? Kin ga yadda yaro ke tara madubi ya jefa hasken rana cikin ɗaki? Haka ne. Can sama, fiye da kilomita 100 daga ƙasa, akwai wani sashe da Allah ya yi wanda ke maido da saƙon gajeren zango ƙasa, ya faɗo a nesa. Rana ce ke juya wannan sashe, shi ya sa tashar da kika ji tangaram da asuba take ɓacewa da azahar. Akwatinki lafiya lau. Da rana ki nemi mita 16 ko 19, da dare ki koma mita 31, 41 ko 49. Ki riƙa murɗawa sannu sannu kamar mai tsince shinkafa, domin tashoshin a matse suke.

In muryar ta yi rauni, ki sami siririn waya mai tsawon taku goma, ki naɗa bakinsa a eriya, ki rataye sauran a dangar gida, nesa da wayar lantarki. Amma da zarar hadari ya taso ki cire shi, saboda tsawa. Ki kuma nisanta akwatin daga cajar waya, da ƙwan sola, da janareta, don su ke kawo ƙugi. Batir in ya yi sanyi, tashar nesa ce ke fara guduwa. Kada ki haɗa sabo da tsoho, kada kuma ki bar mataccen batir a ciki, ruwansa na cin ƙarfe.

Sai maganar saye. Tunda ba ke za ki je ba, ki kafa wa ɗan aike sharaɗi, ko maigida ne ki roƙe shi da ladabi. Ya tafi da batir ɗinsa. Kada ya yarda a gwada masa FM kaɗai, a kamo masa tashar gajeren zango ko da ba ta Hausa ba ce, ya ji da kunnensa. Ya ja eriya ya ga ba ta girgiɗi. A kuma yi magana gaban shaida cewa in ya ƙi aiki za a canza. Yawan lambobin da aka zana a kwali ba shi ne inganci ba.

Kada ki ce ai yanzu akwai wayar hannu. Ku mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba ku manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Gidan da ke da rediyo mai rai shi ya san halin da ake ciki, maƙwabta ma nan suke zuwa tambaya.

Ita kuma 'yar uwarmu ta Bakura, kafin ki haƙura, ki gwada wayan nan da sabon batir bayan sallar isha'i. In har yanzu shiru, maigida ya kai maganar gun shugaban 'yan kasuwa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.