Waya Ta Ce An Yi Kyau, Madubi Ya Ce Da Saura

Saura awa biyu a tafi wajen kamu. Budurwa ta jingina wayarta da kwalbar turare, ta zauna gaban madubi da jagira a hannu. A cikin wayar wata mata ce ke jan girarta da layi ɗaya, sumul, kamar da shi aka haife ta. Budurwar ta tsayar da bidiyon, ta gwada, ta goge, ta mayar baya, ta sake. Da ta gama, gira ɗaya ta ɗage sama kamar mai jin abin mamaki, ɗayar ta kwanta abinta. Ƙanwarta ta leƙo, ta ƙunshe dariya, ta ja ƙofa.

Irin wannan zama ana yin sa kullum a gidaje bila'adadin, kuma yawancin yabo da ƙorafin da ake yi wa bidiyon koyon kwalliya daga nan suke tasowa: abin da waya ta nuna daban, abin da madubi ya nuna daban.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A 2007, shekara biyu da kafa YouTube, wata ɗalibar zane-zane a jihar Florida ta Amurka, Michelle Phan, wadda iyayenta 'yan asalin Biyetnam ne, ta ɗora bidiyon da take nuna yadda ake kwalliya marar hayaniya. Ba sitidiyo, ba ma'aikata. Zuwa 2010 kamfanin Lancôme na Faransa ya ɗauke ta ta riƙa yi masa bidiyo. A shekarar ne kuma Huda Kattan, Ba'amurkiya 'yar asalin Iraƙi da ke zaune a Dubai, ta fara rubuce-rubuce kan kwalliya a intanet, a 2013 ta kafa Huda Beauty da sayar da gashin ido na kanti. Tun daga farko ke nan malama da 'yar kasuwa suke zaune a kujera ɗaya, kuma 'yan kallo ba su taɓa daina lura da hakan ba.

Abin da ya fara jawo mutane shi ne haƙurin waya. A da yarinya kan koyi sa kwalli da jan baki a wajen yayarta ko ƙanwar uwarta, in ta cika tambaya a ce ta tashi ta ba mutane wuri. Bidiyo kuwa ba ya gajiya. A maimaita shi sau goma, a tsayar da shi daidai inda burushi ya taɓa kunci, a kalle shi da tsakar dare ba wanda ya sani. Mata da yawa da ke karɓar kuɗin kwalliyar amare a yau ta nan suka fara, kafin su je wajen wata gwana su ƙaro.

Sai kuma fuskar da ba a shafa mata komai ba. Mai kallo na son ta ga malamarta da ƙurajenta, da tabonta, da baƙin ƙasan ido, tun kafin a buɗe kwalba. A 2015 Nikkie de Jager, 'yar ƙasar Holan da aka fi sani da NikkieTutorials, ta yi wa rabin fuskarta cikakkiyar kwalliya ta bar ɗaya rabin yadda Allah ya yi shi, a bidiyon da ta kira The Power of Makeup. Martani take mayar wa masu cewa duk mai kwalliya ba ta son kanta ne. Miliyoyi suka kalla, mata a ƙasashe da dama suka yi ta ɗora hotunan rabin fuskarsu. Ba ta koyar da wata dabarar da ba a sani ba a bidiyon. Abin da ya ja hankali shi ne ta nuna inda aka taso da inda aka isa, gefe da gefe.

Amma ga mace baƙar fata, babu abin da ya kai launi muhimmanci. Shekaru da dama yawancin masu koyarwa farare ne, kayan da suke yabawa kuma don fatarsu aka haɗa. Baƙar mace ta bi darasin tiryan-tiryan, ta sayi hodar da aka ce, ta shafa, ta fito toka-toka kamar wadda ta kwana a bakin murhu. Ba laifin hannunta ba ne. Fata ba duhu da haske kawai gare ta ba, akwai launin da ke kwance a ƙarƙashi: wata na da ja-ja, wata rawaya-rawaya, wata tsaka-tsaki. Mata biyu masu wankan tarwaɗa na iya shafa fandeshan ɗaya, ya zauna wa ɗaya ɗas, ya mayar da ɗayar kamar gunki.

Wannan ne ya ɗaga Jackie Aina, Ba'amurkiya wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. Tun 2009 take YouTube, tana gwada kaya a fatarta tana faɗa wa kamfanoni gaskiya cikin raha, har kamfanin Too Faced ya nemi ta taya shi ƙara launuka masu duhu a fandeshan ɗinsa na Born This Way, suka fito a 2018. Nyma Tang kuwa, wadda danginta 'yan Sudan ta Kudu ne, dabararta mai sauƙi ce: ta sayi launin da ya fi kowanne duhu a kayan wani kamfani, ta shafa a gaban kyamara, kowa ya gani da idonsa ko ya kai fatarta ko bai kai ba. Sau da yawa bai kai ba. Da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty a watan Satumban 2017 da launin fandeshan 40, sai ma'aunin ya canja. Watanni kaɗan bayan haka kamfanin Tarte ya fitar da nasa da launi 15, masu duhun 'yan ƙalilan, masu bidiyo da 'yan kallonsu suka yi masa ca har ya ba da haƙuri. Mata masu lulluɓi su ma sun sami tasu: a 2016 CoverGirl ya sa Nura Afia, mai koyar da kwalliya a YouTube, cikin tallarsa da hijabinta.

A gida Najeriya matsalar ta zo da wata fuska. Kayan baƙar fata akwai su, domin House of Tara na Tara Fela-Durotoye da Zaron sun daɗe suna haɗa hoda da fandeshan don matan ƙasar nan. Ƙorafin a nan na hannu ne. Duk wanda ke kallon bidiyon kwalliyar amare a Instagram ko TikTok ya san salon: a zaunar da yarinya baƙa kyakkyawa, a shafe ta da launin da ya fi nata haske nesa ba kusa ba, a sassaƙa mata hanci siriri, a ɗora gashin ido kamar mafici. Fuska ta Larabawa, wuya da hannu na gida. Barkwancin da ake yi cewa ango sai ya tambaya ko amaryarsa ce aka kawo, ba daga sama ya faɗo ba. Kuma idan aka jera amare goma na mai kwalliya ɗaya, da ƙyar uwa ta nuna tata.

Duk da haka, abin da ya fi ci wa 'yan kallo rai shi ne a yaudare su. Akwai yaudarar da ba da gangan ba. Fitilar nan mai kama da zobe da masu bidiyo ke kafawa a gabansu tana watsa haske daidai wa daida a fuska, ta kashe duk wata inuwa, ƙofofin gashi da ƙananan layuka su ɓace. Kyamara kuma tana shanye launi, shi ya sa ake labta kwalliyar bidiyo da kauri. Abin da ya yi kyau a allo, in aka fita da shi rana tsaka, sai ya zama kamar yaɓen ginin ƙasa. Mai koyo ta dubi madubi ta ga fatarta da 'yan ramukanta, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba, alhali fatar malamar ma haka take.

Akwai kuma ta gangan, wato filta, manhajar da ke goge fuska tana cikin motsi. A 2020 wata mai kwalliya a Ingila, Sasha Pallari, ta fara gangamin neman a daina tallar kayan shafa da filta, kuma a watan Fabrairun 2021 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta yanke cewa bai halatta a sa filtar da ke zuzuta aikin kayan da ake tallatawa ba. Norway ta yi dokar da ta fara aiki a 2022, wadda ta wajabta sa alama a tallar da aka gyara fata ko surar jiki a cikinta. Faransa ta bi sahu a 2023 da dokar da ta shafi masu tallar intanet. A shekarar ce TikTok ya fito da filtar Bold Glamour, wadda ko an shafa hannu a fuska ba ta zamewa. A da ana gane filta idan mai magana ta juya kai, hancin ya ɗan karkace. Yanzu wannan alamar ma ta tafi.

Talla ita ce ɗaya ƙafar. Kamfanoni na aika wa masu bidiyo kwalaye kyauta, suna biyan su kuɗin yabo, wasu kuma na samun kamasho a kan duk kwalbar da aka saya ta hanyarsu. Ba wanda ya ce kada mutum ya ci guminsa. Abin da mai kallo ke so shi ne a gaya mata, don ta san da kunnen da za ta saurara. Idan kowane mako akwai sabon man da ya fi na makon jiya, to, ko dai fatar malama ce ke canjawa ko mai biya. A watan Janairun 2023 Mikayla Nogueira, ɗaya daga cikin manyan masu kwalliya a TikTok, ta yi tallar wata maskarar L'Oréal, 'yan kallo suka zarge ta da ƙara gashin ido na kanti a tsakiyar bidiyon. Suka riƙa tsayar da hoton suna ƙirga gashi ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin ne wani sabon salo ya bazu a dandalin, na masu fitowa su lissafa kayan da bai kamata a ɓata kuɗi a kansu ba, kuma mutane suka yi ta tururuwa wajensu.

Maganar kuɗi ta fi zafi a inda naira ke fama da dala. Bidiyo ya ce kwalliyar minti biyar ce ta zaman gida, sai a jero kaya goma sha biyar, wanda kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen mako. Yarinyar da ba ta da hali ta shiga kasuwa ta tarar da kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, a kan kuɗi kaɗan. Jabu ne, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma a gefen ido da leɓe za a shafa shi. Shi ya sa malamar da ke cewa ga mai tsada, ga mai araha da ke yin aiki iri ɗaya, take da farin jini. Haka nan dabarun kicin da ke yawo, irin su goga lemon tsami ko man goge baki a kan ƙuraje: likitocin fata sun sha gargaɗi cewa suna ƙona fata, a baƙar fata kuma ƙuna kan bar tabon da ya fi ƙurjin daɗewa.

Sai surutu. Minti shida sun wuce ana gaisuwa, ana labarin tafiya, ana roƙon a danna a bi, ba a ko buɗe hoda ba. Ga wanda ke sayen data da kuɗinsa, musamman bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowane minti na da farashi. Sai dai 'yan kallo ba bakinsu ɗaya ba a nan. Bailey Sarian ta tara miliyoyin mabiya da ba da labarin kisan kai tana kwalliya, kuma yawancin masu kallonta ba jan layin ido suka zo koya ba. Akwai masu kunna irin waɗannan bidiyo don ɗebe kewa kawai, kamar yadda ake zama a ɗakin amarya ana hira ana ƙunshi. Gajerun bidiyo na daƙiƙa talatin sun magance surutun, suka kawo tasu cutar: a ɗiga fandeshan, a tafa hannu, sai ga fuska ta haɗu. Wurin da aka yanke, wato murzawa da soso har launi ya bi fata, nan ne aikin yake, kuma shi ne mai koyo ta zo gani.

Akwai tambayoyin da malamar da ke Landan ko Los Angeles ba za ta amsa ba, don ba su taɓa zo mata ba. Kwalliyar da aka yi a ɗaki mai sanyi, yaya za ta kasance a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Da hunturu fa, idan fata ta bushe hoda ta fara tsagewa a gefen baki? Me ya sa amarya ke fita fari fat a ƙasan ido a hoton dina? Wannan na ƙarshen amsarsa sananniya ce: wasu hodoji na ɗauke da sinadarin silika mai mayar da hasken filashin kyamara, ido ba ya gani sai hoto ya fito. Ga kuma alwala. Malaman addini sun yi bayani cewa duk abin da ke hana ruwa taɓa fata sai an cire shi, kayan da ba sa jin ruwa kuwa an yi su ne don su hana. Mata da yawa kan yi alwala kafin su zauna gaban madubi, suna lissafin awannin da ke tsakanin azahar da magariba.

A nan ne masu koyarwa na gida suka fi na waje, in sun ga dama. Wasunsu sun ɗauko salon gwajin wuni: a yi kwalliya da safe, a shiga adaidaita sahu, a yi zirga-zirgar rana, sannan da yamma a dawo gaban kyamara a bakin taga, ba fitila ba filta, a matso da fuska kusa a nuna inda mai ya tsatso a hanci da inda jan baki ya gudu.