Daga Kwando Zuwa Sura: Fasahar Saƙar Gora A Ƙasar Japan

 Abin da zan yi bayani a kansa shi ne wata tsohuwar sana'a ta ƙasar Japan, watau saƙar gora, da yadda ta tashi daga yin kwandon zuba kaya har ta kai ga yin surori waɗanda ake ajiyewa a manyan gidajen tarihi na duniya. Gorar da nake nufi ita ce doguwar nan mai gaɓa-gaɓa wadda ake yin sanda da ita, kada a ɗauka goran ruwa ne. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan bayani kuwa ita ce: idan zamani ya sa mutane sun daina bukatar abin da mai sana'a ke yi, ta wace hanya sana'ar za ta rayu, kuma me za ta rasa a kan hanyar?

Gora Da Yadda Ake Gyara Ta

An ƙiyasta cewa akwai irin gora wajen 600 a Japan, amma wadda masaƙa suka fi amfani da ita ita ce wadda suke kira madake, domin gaɓoɓinta suna da tsawo, tana tsaguwa sosai, tana kuma lanƙwasuwa ba tare da ta karye ba. Akan sare ta in ta shekara 3 ko 4, a ƙarshen kaka ko cikin hunturu, sa'ad da ruwan jikinta ya ragu, don kada ƙwari su cinye ta. Sa'an nan a fitar da maiƙon da ke jikinta, ko dai ta hanyar gasawa a kan garwashi, ko ta dafawa cikin ruwan soda, a goge ta, a shanya a rana har ta rikiɗa daga kore zuwa launin hauren giwa.

Daga nan ne aiki mai wuya yake farawa. Masaƙi zai fasa gorar da wuƙa gida biyu, ya sake fasawa gida huɗu, ya yi ta rabawa har ta zama sili-sili. Kowane sili kuma sai ya tsaga shi ta kauri, ya yar da na ciki mai taushi, ya riƙe na baya mai ƙarfi da sheƙi. Bayan wannan sai ya kafa wuƙaƙe biyu a kan gungume, ya riƙa jan silin ta tsakaninsu don faɗinsu ya zo daidai, ya kuma kankare gefen don kada ya yanki hannu. Akwai silin da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Masu sana'ar sukan ce tsaga kaɗai sai mai koyo ya shekara 3 yana yi kafin hannunsa ya faɗa, kuma a da yaro yakan yi wajen shekara 10 a gidan ubangidansa kafin a sallame shi.

Akwai wata gora mai tsada da ake kira susudake. Ita wannan daga jinkar tsofaffin gidajen manoma ake cire ta, inda hayaƙin murhu ya yi shekara 100 ko fiye yana bugunta, har kunkunniya ta rina ta ja mai duhu, wurin da igiya ta ɗaure kuwa ya bar zane mai haske. Da yake an daina gina irin waɗannan gidaje, kullum ƙara ƙaranci take yi.

Salon saƙa yana da yawa, kowanne da sunansa. Akwai mai ido huɗu, da mai ido shida wanda ake kira mutsume, da saƙar tabarma, da ajiro wadda ke fitar da zane a karkace. Akwai kuma yatara, wadda ake cusa sili ta ko'ina kamar sheƙar tsuntsu, ga ido kamar ba tsari, alhali kuwa kowane sili an san inda ya dosa. Baki da mariƙi akan ɗaure su da ratan, wani tsiro mai yaɗo da ake sayowa daga kudu maso gabashin Asiya, a ƙarshe kuma a shafa wani ƙaro mai suna urushi don ƙarko da sheƙi.

Asalin Sana'ar

Masu haƙar kayan tarihi sun tono kwanduna shafaffu da urushi waɗanda suka haura shekara 2,000 a Japan. A taskar Shosoin da ke birnin Nara har yanzu akwai kwandunan ƙarni na 8, waɗanda ake zuba furanni a ciki lokacin bukukuwan addinin Buda. Amma abin da ya ɗaga darajar kwando shi ne al'adar shan shayi. Babban malamin wannan al'ada, Sen no Rikyu (1522-1591), ya nuna wa manyan ƙasa cewa akwai kyau a cikin abu mai sauƙi. Ya ɗauki kwandon masunci ya sa fure a ciki, kuma a shekarar 1590, yana tare da rundunar Toyotomi Hideyoshi a yaƙin Odawara, ya yanki gora ya mai da ita mazubin fure.

A ƙarni na 18 da na 19 wata hanyar shan shayi irin ta mutanen Sin, mai suna senca, ta bazu tsakanin malamai da attajiran Osaka da Kiyoto. Su waɗannan kwandunan Sin suke so, masu ƙananan idanu da ɗauri mai yawa. Da na Sin suka yi wuyar samu, sai masaƙan gida suka shiga kwaikwayonsu, har suka ƙware ƙwarai. A cikinsu ne aka sami Hayakawa Shokosai na Ɗaya (1815-1897), mutumin Osaka, wanda ake ɗauka shi ne ya fara zana sunansa a gindin kwandon da ya saƙa. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma ma'anarsa babba ce: kwando ya sami mai shi, ana iya yabonsa ko a kushe shi da suna. Daga nan gidajen gado suka kafu, ɗa yana gadon sana'a da sunan uba, kamar gidan Hayakawa da gidan Tanabe na birnin Sakai.

Yadda Kwando Ya Zama Sura

Ko da yake an fara sa suna, hukuma ba ta ɗauki masaƙi a bakin mai fasaha ba. Babban nunin zane-zane da sassaƙa na gwamnati, wanda ake kira Teiten, bai buɗe sashen sana'o'in hannu ba sai a 1927. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin shigar da gora wannan fage shi ne Iizuka Rokansai (1890-1958), wanda ya zauna a Tokyo, ya kuma ci lambar yabo ta musamman a nunin 1932. Shi ne ya kasa aikin gora kashi 3, bisa ga yadda ake kasa rubutun hannu a ƙasarsu: shin, mai tsari da daidaito, gyo, na tsaka-tsaki, da so, wanda ake sakin hannu a bar gora ta bi halinta. Ya kan kuma raɗa wa kowane kwando suna, kamar yadda mawaƙi ke yi wa waƙarsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Shono Shounsai (1904-1974), mutumin Beppu a lardin Oita, ya ƙara matsawa gaba. A 1956 ya kai wani aiki nunin Nitten, magajin Teiten, mai suna Doto, watau igiyar ruwa mai hauka. Ya jera silin gora kamar haƙoran matsefi, ya naɗe su har suka yi siffar igiyar teku sa'ad da take shirin karyewa. Wanda ya tsaya gabansa bai damu da abin da za a zuba ciki ba, motsin kawai yake kallo. Yawancin masana daga nan suke fara ƙirga tarihin surorin gora na zamani.

Tun daga lokacin masaƙa suka rabu gida biyu. Ƙungiyar sana'o'in gargajiya, wadda nuninta ya fara a 1954, ta tsaya a kan cewa lalle aiki ya kasance abin amfani, kwando ne ko faranti ko akwati. Masu kai aiki Nitten kuwa sun ce siffa ita ce gaba. A cikin waɗannan akwai Honma Kazuaki na tsibirin Sado, da Torii Ippo, waɗanda suka yi manyan surori masu kama da iska da ruwa da duwatsu. Wasu ma ba su shiga kowace ƙungiya ba, kamar Nagakura Ken'ichi (1952-2018), wanda yakan haɗa gora da itacen da ruwa ya kawo, ya shafe ta da laka, har aikin ya yi kama da abin da aka tono daga ƙasa.

Abin lura a nan shi ne dukansu hanya ɗaya suka biyo. Babu mai iya lanƙwasa sili ya tsaya a iska ba tare da ƙusa ba, sai wanda ya san yadda gindin kwando ke ɗaukar nauyi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Hannun Gwamnati

Wannan sashe ya fi shafar ma'aikata. A 1950 Japan ta kafa dokar kare dukiyar al'adu, ta gyara ta a 1954, daga 1955 kuma ta fara zaɓen gwanaye waɗanda jama'a ke kira taskar ƙasa mai rai. Hikimar dokar ita ce abin da take karewa gwanintar da ke hannun mutum ce, wadda in ya mutu bai koyar ba ta tafi ke nan. Ana ba kowane gwani yen miliyan 2 a shekara don ya ci gaba da aiki ya kuma horar da magada. Shono Shounsai ne masaƙin gora na farko da ya sami wannan matsayi, a 1967. Bayansa an ba Iizuka Shokansai, ɗan Rokansai, a 1982, da Hayakawa Shokosai na Biyar a 2003, da Fujinuma Noboru a 2012, da wasu kaɗan. Sai dai fa daga ɓangaren masu aikin amfani ake zaɓensu. Shi kansa Shono sai da ya koma ga wannan ɓangare kafin a naɗa shi. Har ila yau, lardin Oita yana riƙe da makarantar koyon saƙar gora a Beppu, inda ake ɗaukar ɗalibai kaɗan kowace shekara, maza da mata, su yi shekara 2.

Kasuwa Da Masu Saye

Duk da wannan tallafi, sana'ar ta sha wuya. Daga shekarun 1960 kayan roba suka maye gurbin kwando a kicin da kasuwa, kwandunan waje masu araha suka cika kantuna, sabbin gidaje kuma da yawa ba su da lungun nan na ɗakin baƙi inda ake ajiye fure. A daidai wannan lokaci gorar madake ta yi fure a sassa da yawa na ƙasar, abin da takan yi sau ɗaya a wajen shekara 120, in kuwa ta yi sai ta bushe. Masaƙa da yawa suka bar sana'ar.

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Wani attajirin Amurka, Lloyd Cotsen, tsohon shugaban kamfanin Neutrogena, ya yi shekaru yana tara kwandunan Japan, a 2002 kuma ya ba gidan tarihin fasahar Asiya na San Francisco fiye da guda 800. An yi babban nuni a gidan tarihi na Metropolitan a New York a 2017, aka yi wani a gidan tarihi na Quai Branly a Faris daga ƙarshen 2018. Wannan ya buɗe wa masaƙa kasuwa, amma ya jawo cewa da yawa daga cikin ayyuka mafi kyau na wannan zamani suna ƙetare, wanda ke son ganinsu sai ya bar Japan.

Tanabe Chikuunsai Na Huɗu

Misali mafi bayyana na haɗuwar gado da sabon abu shi ne Tanabe Chikuunsai na Huɗu, wanda aka haifa a 1973, ya kuma karɓi sunan gidansu a 2017. Ya karanta sassaƙa a jami'ar fasaha ta Tokyo, ya je Beppu ya koyi saƙa, ya dawo Sakai ya zauna gaban mahaifinsa. Yana saƙa kwandon fure irin na kakanninsa, yana kuma yin surori masu cika zaure, waɗanda ke fitowa daga bango su murɗe kamar guguwa su haɗe da rufi. Irin wannan ya yi a ƙofar nunin New York na 2017, da gidan tarihi na Odunpazari a Turkiyya a 2019. Yana amfani da dubban sili na wata gora mai roɗi-roɗi kamar damisa, wadda ke fitowa a lardin Koci, saƙar kuwa ita ce yatara ta dā, an faɗaɗa ta kawai. In nuni ya ƙare yakan warware aikin, ya kwashe silin ya sake saƙa wani da su a wani gari.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ta farko ke nan: sana'ar ta rayu ne domin masu ita sun riƙe horon hannu da ƙarfi, suka kuma yarda siffar abin da suke yi ta sāke. Gwamnati ta kare gwaninta, makaranta ta buɗe ƙofa ga wanda bai gada ba, masu saye na waje suka kawo kuɗi. Amma akwai wani mutum da duk wannan bai kai gare shi sosai ba, watau mai shiga daji ya zaɓi gora ya sare ta ya gyara. Irin waɗannan mutane tsufa suke yi, matasa ba su cika shiga aikin ba, dazuzzukan gora da yawa kuma an bar su ba kulawa. Sunan masaƙi yana gindin aikinsa, na mai saran gora kuwa ba ya ko'ina, alhali in babu shi babu sili. Duk wanda aka ɗora wa alhakin raya wata sana'a, ya kamata lissafinsa ya fara daga wannan mutum.