Yadda Masana Ke Auna Ingancin Furotin a Abinci

A ƙasar Daura, tun daga Baure har zuwa Mai'aduwa, manoma sukan shuka wake a tsakanin gero. Ƙwayar gero tana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin kashi 11 cikin ɗari, wake kuwa fiye da kashi 20. Sai dai yawa daban, inganci daban.

Shi furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Tara daga cikinsu jikin ɗan Adam ba ya iya sarrafa su da kansa, tilas sai daga abinci. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, sauran ba su amfanuwa sosai, tamkar magini ne mai tarin tubali amma ba shi da azara.

A shekarar 1883 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da hanyar auna naitirojin da ke cikin abinci. Akan ninka abin da aka samu sau 6.25, a sami adadin furotin. Wannan awo yawa kawai yake nunawa. Shi ya sa a 2008 wasu 'yan algus a ƙasar Sin suka yaudare shi ta hanyar zuba sinadarin melamin a madarar jarirai.

A 1919 Osborne da Mendel na Amurka suka kawo gwajin ɓeraye. Akan ciyar da 'ya'yan ɓera da furotin iri ɗaya har kwana 28, sannan a raba nauyin da suka ƙara da nauyin furotin da suka ci. Illarsa ita ce bukatar ɓera ba daidai take da ta mutum ba.

Saboda haka a 1991 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ma'aunin PDCAAS. Akan kwatanta amino asid na abinci da bukatar ƙaramin yaro, a ɗauki wanda ya fi ƙaranci, sannan a duba yawan abin da ciki ke iya narkarwa. Madara da ƙwai sukan sami cikakken maki, wato 1.0, gero da dawa kuwa can ƙasa. A 2013 aka gabatar da DIAAS, wanda ke auna narkewar kowane amino asid a ƙarshen ƙaramin hanji.

Abin da ke rage wa gero maki shi ne ƙarancin amino asid mai suna laisin, wanda wake da nono ke da shi a wadace. Ke nan fura da nono, ko koko da ƙosai, sun fi gero zalla gina jiki nesa ba kusa ba. Wannan ya fi shafar yaron da aka yaye: koko tsura zai cika masa ciki, amma girmansa na iya tsumburewa. A riƙa dama masa da garin wake, ko a zuba masa nono.