Ko Ka San Gwangwanin Da Ke Tsaron Injinka?

Ka taho daga Fagge za ka haye gadar saman titin Murtala Mohammed, ka danna totur, mota ta soma shiɗewa kamar mai tari. A silo lafiya lau take, sai an zo hawa. Kafin ka zargi fulogi ko ka kira bakanike, tuna da filtar mai.

Wani ɗan gwangwani ne tsakanin tanki da inji. Cikinsa takarda ce da aka nannaɗe kamar mafici, ƙofofinta ba su wuce maikuron 10 ba a yawancin motocin injakta, alhali kaurin silin gashin kai ya kai kusan 70. Tsatsar tanki, ƙurar hunturu, guntun dattin da ya biyo jarkar ɗan bumburutu, duk nan suke maƙalewa. Ranar da filtar ta cika, famfon mai ne ke shan wahala, yana turawa ana tare shi, har ya ƙone. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, da yawanmu da jar wutar ƙarancin mai muke yawo, alhali man da ke tankin shi ne ke sanyaya famfon. Wuya biyu ke nan a kan abu ɗaya.

Amma filta ba boka ba ce. Gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 sinadarin metanol ne ya yi masa yawa, shi kuwa narkewa yake a cikin fetur, ya ratsa takardar ya wuce abinsa.

Za a iya canja ta a gida? Ya danganta da motar. A Golf 3 tana ƙasan mota kusa da tanki, a Camry ta ƙarshen shekarun 1990 tana cikin bonet. Waɗannan sifana da haƙuri sun isa. Corolla ta 2003 zuwa sama kuwa, tata tana cikin tanki haɗe da famfo, sai an ɗaga kujerar baya. Wannan, ni dai a ganina, a bar wa masu gareji.

Abin da ke ba sabon hannu mamaki shi ne ƙarfin man. Motocin kafireto irin su tsohuwar fijo 504 a hankali mansu ke tafiya, amma na injakta a matse yake, kusan ma'aunin 'bar' 3, fiye da iskar da ke cikin tayar motar. Ka kwance tiyo haka kawai, ya feso maka a ido. Don haka zare fis ɗin famfo, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka cire kan batir na baƙar waya. A fili za a yi, ba a soro ba, nesa da murhu da janareto. Bayan ka kwance tsohuwar filtar, duba jikin sabuwar, akwai kibiya: bakinta inji yake kallo, ba tanki ba. In mai noti ce, sa sababbin washa na jan ƙarfe, tsofaffin sun riga sun lanƙwashe, yoyo za su yi. Ka mayar da fis da batir, murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba, mai ya cika ta, ka shafa mahaɗar ka ji ko da danshi.

Wajen saye, tafi shagunan kayan gyara na Sabon Gari da tsohuwar a leda. Mai shago zai ce, "Oga, duk ɗaya ne." Jera su a kan kanta ka gwada baki da baki, ka kuma tambaya sabuwa ce ko 'yar Beljiyam, don akwai wadda wanke ta kawai aka yi.

Tsohuwar kuma, kafin ka jefar, tuntsurar da ita ta ɓangaren tanki a kan farar takarda. Ruwan da zai fito, launin shayin da aka manta a kan wuta, da baƙin yashi a ƙasa, shi ne abin da nozul ɗin injinka bai sha ba.